Ganye da Ɓargo: Jawabin da Aka Gabatar wa Ɗalibai a Giginyu, Kano



A kan hanyata ta zuwa nan Giginyu na wuce wata mota mai lasifika, mai ita yana shelar garin zogale wanda, in ji shi, yakan ɗora ƙashi ba tare da an je asibiti ba. Ban yi masa dariya ba, domin a cikin maganarsa akwai ƙwayar gaskiya. Abin da nake so mu auna yau shi ne girman wannan ƙwayar, tun da ku ne 'yan boko da dangi za su tambaya ranar da wani ya karye.

Ƙashi abu ne mai rai. A jikin baligi, kusan kashi 10 cikin ɗari nasa ake rushewa a sake ginawa kowace shekara. Maginan suna fitowa ne daga wasu ƙwayoyin tushe da ke zaune cikin ɓargo. Masanin Tarayyar Sobiyat, Alexander Friedenstein, shi ya gano su a shekarun 1960 zuwa 1970, kuma a 1991 Arnold Caplan na Amurka ya raɗa musu sunan da aka fi sanin su da shi. Ƙwayar tushe kamar yaro ce da bai zaɓi sana'a ba: tana iya zama ƙashi, ko guringuntsi, ko kitse. A 1997 aka nuna cewa idan aka cire wa ɓera ƙwayar gado mai suna Runx2, sai a haife shi babu ƙashi mai tauri ko ɗaya, sai guringuntsi.

To, ina ganye ya shigo? Ku tsaga goro ku ajiye, za ku ga launinsa ya sauya, domin iska ta ci shi. Irin wannan tsatsa tana faruwa a cikin jikinmu, tana kuma ƙaruwa da tsufa da ciwon sukari da shan taba. Idan ta yi yawa a ɓargo, ƙwayoyin tushe sukan karkata ga zama kitse, ginin ƙashi ya ja baya. Tsirrai kuwa suna ɗauke da sinadarai masu kashe kaifin wannan tsatsa. Akwai kwasetin a ganyen zogale da albasa, akwai jan launin zoɓo, akwai bitamin C mai yawa a garin 'ya'yan kuka. A ɗakin bincike an sha ɗiga irin su kwasetin a kan ƙwayoyin tushe cikin faranti, aka ga sun ƙara himmar zama ƙashi. Bitamin C ma ba ya cikin shakka: duk mai son juya waɗannan ƙwayoyi su zama ƙashi a faranti yakan zuba shi, domin da shi ake saƙa zaren da ma'adinai ke kwanciya a kai.

Amma faranti ba mutum ba ne. Abin da aka ɗiga kai tsaye a kan ƙwaya, idan aka ci shi sai ya bi ta hanji da hanta, kaɗan ne ke isa ɓargo, kuma a sauye. Yawa ma ba alheri ba ne ko yaushe. A 1994 aka bayyana sakamakon wani gwaji a ƙasar Finland a kan maza 29,133 masu shan taba. Waɗanda aka ba ƙwayoyin beta-karotin, wato sinadarin da ke ba karas launinsa, sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Masu binciken kansu sun zaci akasin haka.

Ku dubi abin da ya faru a Jos. An daɗe ana mamakin yadda ƙafafun yara ke lanƙwashewa a ƙasar da rana ba ta yanke. A 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalili, kuma da aka ba yaran kalsiyam ƙasusuwansu suka gyaru. Wannan bincike a kan 'ya'yanmu aka yi shi, ba a kan ɓera ba, shi ya sa nake ba shi nauyin da ban ba na faranti ba tukuna.

Don haka ku ci kwaɗon zogale, ku sha zoɓo, ku rage masa sukari. Sai dai idan ƙashi ya karye ya gauce daga mazauninsa, babu ganyen da zai mayar da shi. Masu ɗori na gado suna da basira, ban raina su ba, amma karan da aka ɗaure da ƙarfi yakan tsare jini, hannu ya kumbura, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, a ƙarshe a yanke. Wanda ya ga waɗannan alamu ga ɗan'uwansa, to, ya kwance ɗaurin nan take, ya nufi asibitin da ke nan kusa da mu, ko Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke wannan aiki tun 1959.

Shugaba, na ga kana duban agogo.