Tarihin Mulkin Ƙasar Dakoro: Jawabin Bikin Cikar Sarauta Shekara Ɗari

 

 

Ƙasar Dakoro ta girmi barikinta. A cikinta Birnin Lalle yake, inda Gobirawa suka yi babban birni bayan saukowarsu daga Azbin, tun kafin a gina Alƙalawa.

Da Nasara suka zo, sai suka raba ƙasar Hausa a kan takarda. Yarjejeniyar 1898 ta bai wa Ingila duk abin da ke cikin mil 100 kewaye da Sakkwato. Faransa ta koka cewa hanyarta ta zuwa Damagaram ba ta da ruwa, aka sake zana iyaka a 1904 da 1906. Ta haka Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni hannun Ingila, alhali gida ɗaya ne.

A 1947 aka kafa bariki a Dakoro. Bayan samun mulkin kai a 1960, gyaran 1964 ya sanya ta cikin gundumomin Maraɗi, a hannun sufurefe. Dokar 1998 ta ɗaga darajarta, a 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, sannan a 2011 aka cire Bermo daga jikinta.

Sai dai iyakar da ta fi taɓa talaka ita ce wadda dokar 1961 ta shata tsakanin ƙasar noma da ta kiwo, wajen kwarin Tarka. Jama'a ta ƙaru, fari ya auku a 1973 da 1984, gonaki suka yi ta hawa arewa, burtali ya ƙuntata. Dokar karkara ta 1993 ta sa sulhun sarakuna gaba da zuwa kotu a rigimar fili. Komandan ya tafi, sufurefe ya tafi, amma Bahaushe da Bafulatani da Buzu har gobe ƙofar fada suke kawo ƙara.

Don haka ina roƙon Mai Martaba ya sa a rubuta iyakokin burtali da mashaya tun dattawan da suka san su suna raye, domin zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya ba mu damina mai albarka.