Lauyan Wanda Ake Tuhuma: Laccar da Aka Gabatar a Roni

 

A nan ƙasar Kazaure, daga Roni har Gwiwa, da an ce wane ya ɗauki lauya, sai ka ji ana cewa lallai ba shi da gaskiya. Wannan zato ya cuci talakawa da yawa, shi ya sa na zo da maganarsa gabanku.

Ku tuna shari'ar Amina Lawal ta ƙauyen Kurami a Jihar Katsina, maƙwabciyarmu. A Maris 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jifa, kotun Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta. Lauyoyin da suka tsaya mata, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim da abokan aikinsu, fiƙihun Malikiyya suka buɗe, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure. Suka nuna mai iƙirari yana da damar janyewa, kuma cikin bazawara ana iya jingina shi ga tsohon mijinta har shekara 5, abin da ake kira kwantacce. Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta, alƙalai 4 cikin 5 suka amince. A ganina lauyoyin nan shari'ar Musulunci suka yi wa hidima, domin kore haddi saboda shubuha ƙa'idarta ce.

Ita Hauwa 'yar Hinna ce ta Jihar Gombe, 'yar ƙauye kamar 'ya'yanmu. Ta kare marasa galihu ba tare da karɓar ko kwabo ba, a 2005 kuma Majalisar Tarayyar Turai ta ba ta lambar yabo ta Sakharov.

Amma yawancin aikin nan ba ya shiga jarida. Na taɓa ganin wata dattijuwa zaune a gindin dogon yaro, a ƙofar wani ofishin 'yan sanda, da kwanon tuwo ɗaure a ƙyalle. An kama ɗanta a kan zargin satar akuya, kwana na huɗu ke nan. Ba ta san sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta kai shi kotu cikin kwana ɗaya ba, ko biyu idan kotu na da nisa. Ba ta san sashe na 36 ya ɗauke shi mara laifi har sai an tabbatar da laifin ba. Tana shirin sayar da gonar gado ta biya beli, alhali beli kyauta ne. Da lauya ya zauna da ita minti goma, da gonar ba ta shiga ciniki ba.

Tun 1976 gwamnati ta kafa hukumar ba talaka lauya kyauta, tana da ofis a Dutse. To amma daga Roni zuwa Dutse tafiya ce, kuma wanda bai san da abu ba, ba ya nemansa.

Don haka roƙona ga 'ya'yanmu da suka karanta lauya: ku riƙa dawowa gida ranar kasuwa, ku zauna a ƙofar Hakimi ko ta mai unguwa, ku saurari mutane da Hausa. Ku kuma iyayena, idan an kama naku, ku nemi lauya tun ranar farko, kada ku ji kunya.