LITTATTAFAN HIKAYA DA HAƊARIN BIN AL'ADA IDO RUFE

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyarmu a Hausari, Maiduguri)

 

An ba ni dama in ce wani abu a kan littattafan hikaya da 'ya'yanmu da matanmu ke karantawa. Da yawa a cikinmu in muka ga irin littafin nan a ɗaki sai mu ɗaure fuska, mu ce ɓata tarbiyya. Gaskiya ne akwai na banza a ciki, kamar yadda ba a rasa ruɓaɓɓen goro a huhu. Amma jama'a, akwai waɗanda mu iyaye aka rubuta wa, ba yara ba.

Tun a shekarun 1930 John Tafida da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi. Abubakar da Zainabu suna son juna, sai attajiri Malam Shehu ya shigo da dukiya, aka ba shi ita. Abubakar ya bazama neman ɗaukar fansa. Ɗan da aka haifa a auren, Kyauta, ya tashi ɓarawo, daga ƙarshe ajalin ubansa ya zo a hannunsa. Kun ga ke nan, ranar ɗaurin aure kowa ya ci goro ya watse, amma masifar sai da ta ci har ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba.

A 1990 kuma Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? Yarinya ce Abu, uban ya cire ta daga makaranta. Saurayinta ya ƙi ta don ba ta da ilimi, aka ɗaura mata aure da dattijo Sarkin Noma tana kuka. Ta gudu Kano, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Abin lura a nan, uban Abu ba maƙiyinta ba ne. Abin da ya taras ana yi shi ya yi, kuma yana tsoron bakin mutane. To, wannan shi ne haɗarin: mutumin kirki ya cuci 'yarsa yana ganin daidai yake yi.

Amfanin hikaya ke nan. Abin da ya faru a gidan maƙwabci ba ma iya faɗa a taro, saboda kunya da zumunci. Marubuci kuwa sai ya canza suna, ya bi yarinyar har ɗakin mijin, ya nuna mana abin da ya biyo bayan watsewar 'yan biki.

Mu mazauna Borno maganar ta fi shafar mu. Wanda ya bar garinsu yakan ƙanƙame al'ada fiye da na gida, don gudun kada 'ya'yansa su ɓace. Shi ya sa za ka ji an ce yarinya dole sai ɗan baffanta na Kano ko Katsina, wanda ko ganinsa ba ta taɓa yi ba. Shi ya sa ake cin bashi a kasuwa don lefe da gara, kada a ce mun gaza.

Kada wani ya ce wannan ra'ayin 'yan boko ne. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa Khansa'u bintu Khidam, bazawara, ubanta ya aurar da ita ba ta so, Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya zargi masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa malama ce.

Ban ce a zubar da al'ada ba. Kunya, zumunci, girmama na gaba da karɓar baƙo su ne suka riƙe mu a garin nan. Amma ba wanda zai karɓi buhu a Kasuwar Monday bai duba abin da ke ciki ba. Haka al'ada: a auna ta da Shari'a, mai kyau a riƙe, mai cutarwa a ajiye.

Shawarata, kowane uba ya karɓi littafin da ke hannun 'yarsa ya karanta, ko ya sa a karanta masa. Kuma kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, a sa uwa ko gwaggo ta tambayi yarinya.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da Borno lafiya. Wassalamu alaikum.