Ƙofar Makaranta Ba Tasha Ba Ce

Jawabin da Ma'aikacin Watsa Labarai ya yi a taron iyayen yara da malamai da direbobi

Na gode muku da kuka bar sana'o'inku kuka halarci wannan taro. Na san da yawa daga cikinku sun haife ni, saboda haka ina roƙonku gafara in na faɗi abin da kuka riga ni sani. An aiko ni ne in yi muku magana a kan titin da ke gaban makaranta, da yadda za mu yi 'ya'yanmu su tsallake shi lafiya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar makarantar firamare da ƙarfe bakwai da rabi na safe ya san yadda wurin yake. Mota ta tsaya a bakin ƙofa, wata ta zo ta tsaya a gefenta, mai keke mai ƙafa uku ya kutsa tsakaninsu, mai babur yana sauke yara huɗu a tsakiyar kwalta, masu gyaɗa da rake kuma sun kasa kayansu a ƙetaren titi. In an tashi da rana abin ya fi haka muni, domin da safe yara ɗai-ɗai suke zuwa, amma da rana gaba ɗaya suke fitowa, a guje, ga yunwa ga ɗokin gida.

Kada a ɗauki wannan ƙaramar magana. A rahotonta na shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma babu abin da ya fi shi kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. A ƙofar makaranta abu biyu ne suka fi jawo wannan masifa.

Na farko shi ne motar da aka ajiye a bakin ƙofa. Ɗan aji ɗaya bai kai mota tsawo ba. In ya fito ta tsakanin motoci biyu da ke tsaye, ba ya ganin abin da ke tafe, mai tafe kuma ba ya ganinsa, sai sun yi kiciɓis. Sau da yawa uban da ya ajiye motar don kada ɗansa ya sha tafiya, shi ne ya ɓoye ɗan maƙwabcinsa daga idon direba, bai kuwa sani ba.

Na biyu shi ne gudu. Bari mu yi ɗan lissafi, mu ƙaddara mita ɗaya dogon taki ɗaya ne na babban mutum. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin wajen mita 8 a daƙiƙa ɗaya, mai gudun kilomita 50 kuwa wajen mita 14. Direba, kome ƙwarewarsa, yakan ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin yaro da taka birki. To, a busasshiyar kwalta, da birki mai kyau, mai gudun 30 zai tsaya cik a cikin mita 13 ko kusa da haka, mai gudun 50 kuwa sai ya ci wajen mita 27. Watau a daidai wurin da na farko ya riga ya tsaya, na biyu ko birkin bai taka ba. Dalili ke nan da ya sa taron ƙasashen duniya da aka yi a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a shekarar 2020 ya ba da shawara kada gudu ya wuce kilomita 30 a wuraren da motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya wajaba a kan kowa.

Iyaye masu kawo yara a mota ko a babur, ku wuce ƙofa da kamar taki talatin kafin ku tsaya, ku bar bakinta fili. Kada ku tsaya a gefen wata motar da ke tsaye, kada kuma ku juya ko ku yi baya a gaban ƙofa. Ku sauke yaro ta hannun dama, wajen gefen titi. In kun tsaya a ƙetare, ku sauko ku kama hannunsa ku tsallakar da shi. Kada uwa ta tsaya a ƙetaren titi tana yafato ɗanta, domin in ya hange ta ba ya ƙara ganin kome sai ita.

Direbobi da masu keke da masu babur, in kun ga allon makaranta, ko kun hangi yara cikin kayan makaranta, ku sassauta tun daga nesa. Kada ku wuce motar da ta tsaya, ba ku san wa take jira ya tsallake ba. Ƙaho ba ya tsai da yaro, sai dai ya firgita shi ya faɗa inda ba a zata ba. Ku ƙara hattara da safiyar hunturu in hazo ya sauka, da kuma goshin magariba sa'ad da ake tashi daga Islamiyya. Waya kuwa a bar ta a aljihu.

Malamai, ku koya wa yara tsallake titi a aikace, a bakin titin. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, motoci a Nijeriya hannun dama suke bi, saboda haka motar da ta fi kusa da mai tsallakewa daga hagunsa take fitowa. Sai yaro ya tsaya a gefe, inda babu motar da ta tare shi, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu, ya kasa kunne, sa'an nan ya tsallake kai tsaye, ba gudu ba wasa. Dattawan da suka koyi hanya kafin wannan shekara su lura kada su koya wa jikokinsu tsohon tsari. Inda babu wurin masu tafiya a ƙasa, yara su bi gefen hagu, su fuskanci motocin da ke tahowa. Ya kamata kuma shugaban makaranta ya sallami ƙananan azuzuwa minti goma kafin manya, ya roƙi masu talla su dawo gefen makaranta, don kada alewar naira hamsin ta ja yaro ƙetare.

Akwai dabarar da wasu ƙasashe suka daɗe suna mora. A Ingila tun shekarar 1951 aka soma zana layukan nan fari da baƙi na masu tsallake titi, a 1953 kuma aka yi dokar da ta yarda a sa babban mutum riƙe da allo ya tsai da motoci har 'yan makaranta su wuce. Mu ma ba abin da zai hana ƙungiyar iyaye da malamai ta samo dattijai biyu masu natsuwa, a ba su riga mai ɗaukar ido, su riƙa tsayawa safe da rana. Sai dai a fara neman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, ko hukumar kula da zirga-zirga ta jiha, su horar da su. Haka nan allo, da zanen tsallakawa, da tudun rage gudu, mai unguwa da shugaban makaranta su rubuta takarda ga ƙaramar hukuma a zo a yi su bisa ƙa'ida. Tudun da jama'a suka tara da kansu cikin dare, ba fenti ba alama, yakan kayar da mai babur. In kuwa haɗari ya auku, Allah ya kiyaye, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Jama'a, Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Gwamnati tana iya kafa allo ta shafa fenti, amma ba ta iya sa ɗan sanda a ƙofar kowace makaranta. Abin da nake roƙo shi ne gobe da safe kowa ya ƙara taki talatin ɗin nan kafin ya tsaya, ya kuma gaya wa wanda bai zo taron nan ba. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin. Wassalamu alaikum.