JIRGIN CIKIN GARI YA ISO AGEGE: INA MUKA DOSA?

Jawabin da wani ɗan kwamitin 'yan kasuwa ya gabatar a babban taron ƙungiya

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu mata, 'yan'uwana 'yan kasuwa da matasa, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya saka wa kowa da alheri bisa baro sana'arsa da ya yi ya halarci wannan zama.

An umarce ni in yi magana a kan jirgin ƙasan nan na cikin gari da ke ratsa unguwarmu, wanda hukuma take kira Red Line, wato Jan Layi. Ni ɗan kasuwa ne, don haka da idon kasuwa zan dubi maganar: mene ne ribarmu a ciki, kuma ta ina hasara za ta iya shigo mana.

Da farko dai, jama'a, mu tuna cewa dogo ne ya kafa mu a garin nan. An buɗe hanyar jirgi daga Ikko zuwa Badun a 1901, a 1912 kuma aka haɗa ta har Kano. Kakanninmu suka biyo wannan hanya saboda goron da ake nomawa a ƙasar Agege, suna saye suna ɗaurewa a huhu suna lodawa zuwa Arewa, jirgi kuma yana sauko musu da shanu. A haka zango ya kafu a gefen tasha. Kun ga ke nan jirgi ba baƙonmu ba ne. Abin da ya sake shi ne irin jirgin da kuma dokokin da ya zo da su.

Shi wannan tunani na jirgin cikin gari ya daɗe. Gwamna Lateef Jakande ne ya fara aikin a 1983, da niyyar ya taso daga Marina ya ƙare a nan Agege. Soja suka karɓi mulki a ƙarshen shekarar, a 1985 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta soke kwangilar. Ikon Allah, shi dai Buharin ne, yana shugaban farar hula, ya zo a watan Janairu 2023 ya buɗe kashin farko na Shuɗin Layi, mai tsawon kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, aka fara ɗaukar fasinja a watan Satumba na shekarar. Shekara 40 cif mutanen Ikko suka yi suna jira, suna cin wuya a cikin molue da danfo.

Namu kuwa, Jan Layi, Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya ƙaddamar da aikinsa a watan Afrilu 2021, Shugaba Bola Tinubu ya buɗe shi ran 29 ga Fabrairu 2024, fasinja suka fara hawa ran 15 ga Oktoba 2024. Tsawon kashin farko kilomita 27 ne, tashoshinsa 8: Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba da Oyingbo. Hukumar LAMATA ce ke kula da shi, kuma shirin shi ne nan gaba a kai shi har Marina.

To, ina ribar? Duk wanda ya taɓa fita da asuba zai je Oyingbo ko Yaba ya san abin da gosulo ke yi wa ɗan kasuwa. Sai ka bar gida bayan salla, ba ka isa ba sai hantsi ya dubi ludayi, mai sayen da kuka yi alkawari da shi ya gaji ya tafi wurin wani. Jirgin nan daga Agbado har Oyingbo kimanin awa ɗaya yake yi, mu kuma da muke hawa a tsakiya ba ma kai haka ba. Mai zuwa Idi-Araba zumunci zai sauka a Mushin, mai sarin waya zai sauka a Ikeja. Awa biyun da ka tsira da su a yini, ka lissafa su a wata, za ka ga jari ne. Amma a lura, jirgin fasinja ne. Mai buhunan albasa ko wake har yanzu mota zai nema. Kuma da katin Cowry ake biya, wanda ake zuba masa kuɗi, shi ne dai na bas ɗin BRT. Babu kwandastan da za ka ce wa ya rage maka, don haka matasa su taimaki dattawa su mallaki katin, su nuna musu yadda ake aiki da shi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna. Jan Layi ba shi da dogo nasa shi kaɗai, yana tafiya ne a kan sabon dogon da jirgin Badun ke bi, wanda aka buɗe a watan Yuni 2021. Ma'ana, jirage sun ƙaru a hanya ɗaya, kuma sun fi na da sauri. Mun saba da tsohon jirgi mai tafiyar hawainiya, wanda in ya yi kuka daga nesa sai masu tumatir da masu gwanjo su janye tire, ya wuce su mayar. Wannan zamani ya wuce. Jirgi in yana gudu, ko direba ya hango mutum ya taka birki, nauyinsa ba zai bar shi ya tsaya nan take ba, sai ya yi tafiya mai nisa. Mun ga abin da ya faru ran 9 ga Maris 2023 a mashigar PWD kusa da Ikeja, inda jirgi ya kwashe bas ɗin ma'aikatan gwamnatin jiha, mutum 6 suka rasu, da dama suka jikkata. Babbar mota ke nan, ina ga yaro mai tallar ruwa ko mai tura baro? 'Yan'uwanmu na wajen Orile da Mile 2 kuma a gaya musu, Shuɗin Layi da lantarki yake tafiya, wutar tana jikin wani ƙarfe ne da ke shimfiɗe a gefen dogon, wanda ya taɓa shi sai dai wani ba shi ba.

Abu na biyu shi ne wurin sana'a. Tun da aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema a watan Maris 2021, kowa ya ga yadda hanyar mutane ta sauya. Wasu shagunan suka samu ciniki, wasu suka wayi gari mai saye ba ya biyowa ta ƙofarsu. Haka katangar dogo take yi. Wanda abokan cinikinsa ke tsallako layi su zo gare shi, ran da aka toshe mashigar ya rasa su. A ɗaya gefen kuma, bakin tasha wuri ne da dubban mutane ke fita safe da yamma, kuma duk inda jama'a ta taru kuɗin haya hawa yake yi. Da yawanmu mun shekara 20 ko 30 a shago ɗaya bisa amana da maigida, babu takarda ko ɗaya. Amana abu ne mai kyau, amma maigida zai rasu, magada su zo, wani ya taya shagon da ninki biyu. Ranar nan wa zai tsaya maka in ba rasit da yarjejeniya a rubuce?

Saboda haka ina roƙon wannan taro ya amince da abubuwa huɗu.

Na ɗaya, a kafa ƙaramin kwamiti ya zagaya ya rubuta sunan duk ɗanmu da ke kasa kaya a kan dogo ko a jikin katangarsa, da irin sana'arsa. Da wannan takarda Sarki da shugabanni za su je ƙaramar hukumar Agege su nemi a ba su wani wuri tun kafin a zo tashinsu. In ka je da sunaye da adadi ana sauraronka. Ran da motar rusau ta iso kuwa, magana ta ƙare.

Na biyu, duk mai shagon haya ya je ya zauna da maigidansa cikin mutunci a rubuta yarjejeniya, da shaidu, ya kuma adana rasit na haya da na haraji. A cikin 'ya'yanmu akwai waɗanda suka yi boko, su karanta mana kafin mu sa hannu.

Na uku, malaman makarantun allo da na Islamiyya su riƙa jan kunnen yara a kan tsallaka dogo, iyaye mata kuma su daina aiken yaro talla ta hanyar da sai ya haura layi. A bi ta gada ko da zagaye ne. Rigakafi ya fi magani.

Na huɗu, masu hali su dubi matasanmu. Tun da gwamnati ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6, har da Ikeja, a watan Yuni 2022, da yawansu suna zaune babu abin yi. Bakin tasha yana bukatar mai shayi, mai tsire, mai gyaran waya, mai kayan marmari. A haɗa musu jari su kama rumfa ta halal mai takarda, mu nema tare da maƙwabtanmu Yarabawa, kada ya zama rigima. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jama'a, kakanninmu da suka ga dogo ba su tsaya kallonsa ba, sun nemi hanyar cin abinci a jikinsa, suka bar mana wannan zango. Mu ma za a tambaye mu abin da muka bar wa na baya. Ina roƙon shugaba ya sa a zaɓi 'yan kwamitin nan yau kafin mu watse, su kawo rahoto a taro mai zuwa.

Allah ya kiyaye mu da iyalanmu daga haɗari, ya yi wa kasuwanninmu albarka, ya zaunar da garin nan da ƙasarmu lafiya.