Ciwon ƙirjin da ya ƙi jin magani: kwanciya ba ita ce mafita ba

'Yan'uwa, yau za mu yi magana a kan ciwon da likitoci ke kira anjaina. Jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini ne ke ƙuntata. Idan mutum ya hau tudu ko ya ɗauki kaya, zuciya takan nemi ƙarin jini ta rasa, sai ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Magani ko tiyata kan taimaki yawancin masu ciwon. Amma akwai waɗanda an gwada musu duka, ciwon ya wuce wata 3 bai bar su ba. Su muke nufi.

Saboda ƙauna mukan ce, "Baba, kwanta, kada ka taɓa komai." Nan ne muke kuskure. Jikin da ya daɗe a kan tabarma yakan yi laushi, har zuwa bakin rijiya ma ya zama wahala, tsoro kuma ya ƙaru.

Tun a 1772, William Heberden, likitan Ingila da ya raɗa wa ciwon suna, ya ba da labarin wani majiyyaci mai yankan katako da zarto na rabin awa kullum, wanda ya kusa warkewa. Yanzu mun san dalili. Jikin da ya saba da motsi ba ya wahalar da zuciya, takan yi aikin da bugu kaɗan. A 2012 an wallafa sakamakon gwajin wannan da aka yi a Landan: masu ciwon da ya ƙi magani sun yi atisaye na mako 8 a gaban ma'aikatan lafiya. Sun ƙara ƙarfin tafiya, ba tare da ciwon ya ƙaru ba. Amma fa bai tafi ba, kada mu yi wa kowa alkawarin warkewa.

Ba cewa muka yi a miƙa wa Baba zarto ba. Likita ne zai fara duba shi, ya faɗi iyakarsa. A soma da tafiyar hankali ta minti 10 don jiki ya ɗumama, a kan hanya marar tudu, tare da ɗan rakiya. Ban da bayan an ci tuwo an ƙoshi, ban da sanyin asubar hunturu. Maganin sawa a ƙarƙashin harshe ya kasance a aljihu.

Idan ciwon ya taso, a tsaya, a zauna. Idan ya zo mutum yana hutawa, ko ya ƙi lafawa bayan magani, a nemi mota zuwa asibiti nan take.