Tsohuwar Jif: Abin Dubawa Kafin Saye Da Bayan Saye

Jawabin da kwamitin sufuri ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, Shagari Low Cost, Yola



Muna godiya ga shugabanni da suka ba mu wannan dama. Abin da aka ɗora mana shi ne mu yi bayani a kan tsohuwar mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda muka fi sani da jif. Dalili kuwa, ƙararrakin da ke zuwa gaban dattawa a kan irin wannan mota sun yi yawa. Wani ya sayar da shanunsa ya saya, ba ta yi wata uku ba ta kwanta a gareji. Wasu sun haɗa kuɗi su uku, yau ko gaisawa ba sa yi.

Jama'a, iyayenmu sun baro Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya don neman halal, mutanen Fombina suka karɓe su hannu biyu. Waɗannan gidaje da muke ciki gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ce ta gina su, wadda ta yi mulki daga 1979 zuwa 1983, lokacin nan jihar Gongola ce, kafin a raba ta a 1991. Amma abincin yawancinmu ba a kan kwalta yake ba. Gonakinmu suna wajen Fufore da Gurin, fataucinmu yana kaiwa Jada da Ganye da Toungo, wasu har tsaunin Mambila. Daga watan Yuni zuwa Oktoba, da zarar ka sauka daga babban titi, ƙaramar mota ta gama aikinta. To, nan ne jif take da rana.

Sai dai kafin kowa ya taɓa aljihunsa, ya tambayi kansa: aiki zan saya wa mota, ko kuwa don a ce wane ya hau jif? In zirga-zirgarka daga Yola zuwa Jimeta ce, sai zuwa gida da Sallah, to ka bar ta. Babbar jif mai fetur tana shan kusan ninki biyu na abin da ƙaramar mota ke sha, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 kowa ya san yadda gidan mai ya koma. Tayarta ɗaya ma ta fi ta ƙaramar mota tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wace iri za a saya?

Land Rover ita ce kakarsu. A 1948 aka fara ƙera ta a Ingila, kuma dattawanmu sun san ta tun zamanin En'e. Jikinta na alminiyam ne, ba ya tsatsa, amma ƙarfen shasin da ke ɗauke da jikin yana ci. Gyaranta ba wuya, shi ya sa ta zama jakin hanyoyin Mambila. An daina ƙera tsohon samfurin Defender a 2016, saboda haka mai sayenta ya fara sanin inda zai samu kayan gyara.

Toyota Land Cruiser, musamman samfurin 70 da ya fito a 1984 da samfurin 80 na 1990 zuwa 1997, ita ce ta fi riƙe darajarta. Injinta na gas mai suna 1HZ, lita 4.2, silinda shida, ba shi da gudu amma yana da haƙuri. Hilux ta fi dacewa da mai ɗaukar buhuna. Mitsubishi Pajero, wadda aka fara a 1982 aka rufe a 2021, ta fi sauƙin kuɗi wajen saye, sai dai tana son hannun da ya san ta. Shawararmu ita ce, ka zagaya wajen masu kayan gyara a Jimeta tukuna. Motar da duk ƙaramin abu sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Ikko, za ta riƙa kwana biyar a kan abin da bai fi aikin awa ɗaya ba.

Ranar duba mota

Kada a yi cinikin biri a sama. Hoto a waya ba mota ba ne. Ka je da makanikenka, wanda kai ka biya shi, domin dillali la'adarsa yake nema.

Na farko, a je da sassafe, injin yana sanyi. In ka tarar an riga an ɗumama shi kafin ka iso, ka ce za ka dawo gobe. A tayar, a tsaya bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, injin yana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, ana zargin gaskit, wato ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Baƙi kuwa a injin gas, yawanci nozul ne ko matatar iska. A buɗe murfin baƙin mai. In an ga abu kamar kindirmo a jikinsa, ruwa ya haɗu da mai.

Na biyu, a shimfiɗa tabarma a shiga ƙarƙashi. Fenti ba ya ɗaukar kaya, shasi ke ɗauka. A ƙwanƙwasa shi da guduma, a nemi tsatsa da wurin da aka yi walda. Motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka da Turai sun sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, sai ka ga sama tana ƙyalli, ƙasa kuwa ta rube.

Na uku, a gwada abin da ya sa ake kiranta jif. Da yawa an cire musu farfelar gaba tun tuni, suna tafiya da ƙafa biyu, mai saye bai sani ba sai ranar da ya kafe a laka. A kai ta wurin yashi, a sa ƙaramin giyan nan na ƙafa huɗu, a ga ƙafafun gaba suna ja. A saurari ƙara ko ƙas-ƙas in an karya sitiyari.

Na huɗu, a kula da motar da ta sha ruwa. Ba mu manta da ambaliyar watan Yuli 2025 ba, wadda ta shigo har cikin unguwar nan. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri. Bayan kowace ambaliya motocin da suka nutse sukan fito kasuwa an wanke su tas. A ɗaga kafet, a shinshina, a duba laka a ƙarƙashin kujera da bayan fitilu. Wayoyin irin wannan mota ba sa daina ba da wahala.

Na biyar, takardu. Lambar shasi da ke jikin ƙarfe ta dace da ta takarda, harafi da harafi. A ga takardar kwastan ta asali, a je ofishinsu a tabbatar. Mu da ke kusa da iyakar Kamaru mu ne muka fi shiga wannan tarko, domin a farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma an shigo da da yawa ta ɓarauniyar hanya. Haka nan a guji motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma juyin da ake yi a gareji da walda, rai ne ake wasa da shi. A rubuta takardar ciniki da shaidu biyu.

Sa'an nan kada ka zuba duk kuɗinka a saye. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu don gyaran farko: baƙin mai, man giya, man aksul, man birki, matatu duka, da bel ɗin taimin in injin mai bel ne. A injin 1HZ ana canza wannan bel a kilomita 100,000, kuma in ya tsinke a kan tafiya yakan lalata kan injin. Kada ka yarda da abin da agogon mota ya nuna, ana mayar da shi baya.

Bayan ta shigo gida

Zafin Yola a watan Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, saboda haka lagireto shi ne ran motarka. A duba ruwa kowace safiya kafin a tayar. Ruwan rijiya yana barin ƙanzo a ciki har ya toshe hanya, gara ruwan da aka yi domin injin. In allurar zafi ta hau, ka tsaya nan take, kada ka ce bari in ƙarasa Ngurore. Kuma kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa.

Baƙin mai a tsohon injin gas, kowace kilomita 5,000. Lokacin hunturu a riƙa kaɗe matatar iska duk mako. Man 'yan bumburutu yakan zo da ruwa da datti, kuma famfon injin gas ba ya yafe wannan.

Ga wani kuskure da ya yawaita. Motar da ake sa wa ƙafa huɗu da hannu, irin su Hilux da samfurin 70, ba a tafiya da ita a haka a kan busasshiyar kwalta, domin giyan yana ɗaurewa har ya karye. In an fita daga laka, a cire. Amma kuma ko da rani a riƙa sawa sau ɗaya a wata a hanyar ƙasa, don mai ya zagaya. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya ko zanenta bai cinye ba, zafin titin Numan zai fasa ta.

In kun ƙetare rafi har ruwa ya rufe aksul, ku taka birki a hankali ya bushe, in an dawo gida a duba man aksul, a sa giris a farfela. Ruwan da ke gudu kuwa, wanda ba ku ga ƙasansa ba, ku jira ya janye. Ƙafa huɗu ba kwale-kwale ba ce.

A riƙe makanike ɗaya, a ajiye ɗan littafi a mota ana rubuta ranar kowane gyara da kuɗinsa. Masu haɗa kuɗi su saya, ku rubuta tun ranar farko: wa zai tuƙa, nawa za a ware wa gyara daga kowace jigila, yaya za a yi in wani yana son fita. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, balle dukiyar tarayya. Wanda kuma zai sayar da tasa, ya faɗi aibinta. Gobe a sahu ɗaya za ku tsaya da wanda ya saya.

Daga ƙarshe, kwamiti yana roƙon shugabanni su amince a zaɓi mutum uku daga cikin tsofaffin direbobinmu da makanikai, waɗanda duk ɗan ƙungiya zai iya ɗauka su raka shi duba mota, a biya su ladan ranarsu. Mai bukata ya ba sakatare sunansa bayan an tashi.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya sa albarka a abin da muke nema, ya zaunar da jiharmu ta Adamawa lafiya.